Otal mai kula da muhalli a Abuja: yaya ake gane na gaskiya, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim a Jigawa. Za shi Abuja bita ta 'yan kwanaki, an ba su kuɗin masauki a hannu, kowa ya nemi wurin kwana. Ya ga wani ƙaramin otal mai ɗakuna kamar ashirin da ke tallata kansa da cewa yana kula da muhalli, kuɗinsa kuma ya ɗara na maƙwabtansa. Yana so ya sani ko da gaske ne ko dabarar cin kuɗi ce, sannan ko zai sha zafi, tunda ya ji an ce irin waɗannan wurare ba sa son kunna iyakwandishan.

Malam, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Sana'ata zanen gini ce da lissafin wutar da gini ke ci da ruwan da yake sha, kuma a gidan ƙasa na girma a karkarar Kano, don haka tambayarka ta zo inda nake da abin faɗa.

Akwai na gaskiya, akwai na fatar baki, kuma na fatar bakin sun fi yawa. Abin da ke raba su abu uku ne: yadda aka yi ginin, inda wutar ke fitowa, da inda ruwan ke zuwa bayan an yi amfani da shi. Kai da ka taso inda ake auna ruwa da jarka, ka kuma san bambancin kwana a soro da kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, ka fi yawancin 'yan birni idon gane waɗannan abubuwa.

Abin da za ka fara cin karo da shi shi ne ɗan kati a banɗaki, mai cewa idan ba ka so a wanke tawul ka rataye shi, don a ceci duniya. Babu laifi a ciki, wanki yana cin ruwa da sabulu da wuta. Sai dai wannan shi ne mataki mafi arha da mai otal zai ɗauka, kuma ribarsa aljihunsa take fara shiga. Tun a 1986 wani Ba'amurke mai fafutukar kare muhalli, Jay Westerveld, ya yi rubutu yana sukar wannan kati, bayan ya gan shi a wani wurin shaƙatawa a tsibirin Fiji da ke ta faɗaɗa gine-ginensa a lokacin. Haka ma tukwanen furanni a ƙofa, da koren fenti, da kujerun kaba. Wanda ya je Maigatari sayen sa ba igiya yake dubawa ba, baki yake buɗewa ya ga haƙora.

Mu fara da ginin, domin shi ne ba a iya gyarawa da talla.

Ka san dalilin da ya sa tsohon soro ke da sanyi da azahar. Katangar tubali tana da kauri, a gindi ta kan wuce rabin mita, kuma zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa ta. Kafin ya iso ciki rana ta faɗi, waje ya fara hucewa. Rufin azara da aka dafe da ƙasa shi ma haka yake aiki. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, tsakar gida a buɗe take, ga inuwar darbejiya ko mangwaro. Maginanmu sun kai wannan ilimi matuƙa. Gidan Rumfa a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke ɗauke da rufi, a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, laso kuma daga katsin marina, duk don kada ruwa ya ci katanga. Babu abin da aka ɗauko daga nesa.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, otal ɗin da ke kula da muhalli da gaske wannan hikimar yake bi, ko da da kayan zamani ne. Manyan masu zanen gini na yankinmu sun koma gare ta a fili. Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya lashe Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, da bulon ƙasa ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ta yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Mariam Issoufou ta Nijar da abokiyar aikinta sun yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji cikin jihar Tawa, garin Hausawa, da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Ba talauci ne ya kai su ga ƙasa ba. Siminti kaɗai yana da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa, sannan bulon siminti mai rami, wanda kaurinsa inci 9 ne ko 6, ba ya jinkirta shigar zafi yadda ƙasa ke yi.

To idan ka isa, ko kana duba hotuna a waya, ka lura da bakin taga da bakin ƙofa, nan ne kaurin katanga ke bayyana. Akwai masu shafa wa bulon siminti jan fenti, su ɗora zankwaye a kusurwa, ya yi kama da ginin gargajiya alhali ciki tanda ne. Ka duba ina manyan tagogi suka fuskanta. Gilashi mai faɗi da ke kallon yamma, babu baranda babu rumfa babu bishiya a gabansa, zafin la'asar duk ciki zai shiga, kuma dole injin sanyi ya yi ta aiki har dare. Ginin da aka yi da tunani yakan sa dogayen ɓangarorinsa su fuskanci kudu da arewa, ya rage tagogi a gabas da yamma, ya fito da bakin rufi sosai don ya yi wa katanga inuwa. Ka duba ko ɗakin na da taga a ɓangare biyu yadda iska za ta shiga ta fita, da raga mai kyau a jiki saboda sauro. Ka duba harabar: an malale ta da siminti da kwalta ne gaba ɗaya, ko an bar ƙasa da bishiyoyi? Harabar da aka malale tana tara zafi da rana ta sake shi da dare, kuma ruwan sama ba ya samun inda zai nutse.

A nan akwai abin da ya kamata ka riƙe. Abuja ba Ringim ba ce. Kaurin katanga ya fi amfani inda rana ke da zafi dare kuma ya huce sosai, kamar wajenmu a lokacin rani. Abuja ta fi mu ruwan sama da laima, Legas kuma ta fi Abuja. Inda laima ta yi yawa, motsin iska da inuwa da tsawon silin sun fi kaurin katanga tasiri. Saboda haka kada ka yanke wa otal hukunci don kawai ba da ƙasa aka gina shi ba. Kuma ba na ɓoye raunin ginin ƙasa: mu a Jigawa da gabashin Kano mun ga yadda ambaliyar 2022 ta kwantar da gidaje. Ƙasa tana son harsashi mai tsawo na dutse ko siminti, da rufi mai kare ta daga feshin ruwa, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin katanga. Shi ya sa masu yin matsattsen bulon ƙasa ke zuba ɗan siminti kaɗan a ciki. Azara ma ta yi wuya yanzu saboda giginya ta ragu, kuma jan bulon da aka gasa da itace dazuzzuka yake ci. Ba duk abin da ya yi kama da na gargajiya ne ke da sauƙi ga muhalli ba.

Sai wuta, kuma nan ne amsar tsoronka na zafi take.

Ƙaramin otal a Abuja da ke karɓar kuɗi mai kauri ba zai hana ka iyakwandishan ba, domin baƙi ba za su dawo ba. Abin da na gaskiya ke yi shi ne ya rage buƙatarsa. Zai sa fankar silin, ya sa na'urar sanyi irin mai inbata wadda ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ta riƙa kashewa tana tashi, wani kuma ya haɗa wutar ɗakin da katin buɗe ƙofa, da ka fita komai ya mutu. Wasu sukan kulle na'urar kada ta sauka ƙasa da digiri 23 ko 24. Wannan ba rowa ba ce. Digiri 25 tare da fanka ya ishi mutum barci mai daɗi, musamman wanda jikinsa ya saba da zafin da ke haura 40 a bazara. Masu sa 16 su lulluɓa da bargo su ne ke ƙona man banza.

Ga lissafin da zai taimake ka ka gane ko maganar sola gaskiya ce. Na'urar sanyi ta ɗaki ɗaya tana jan kusan kilowat 1 idan tana aiki sosai. Ɗakuna 20, sa'o'i 8 na dare, ya kama yunit 160, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa, idan duk suna kan aiki ba hutawa. Faifan sola babba mai wat 550 yakan ba da wajen yunit 2 da rabi a rana mai kyau, a hunturu kuma ƙura ta rage masa idan ba a goge shi. Ke nan ana bukatar faifai sama da 60 don sanyin dare kawai, ban da firji da kicin da injin jan ruwa da wanki. Sannan tunda dare babu rana, sai an tara wutar a batir, kuma batirin lithiyam mai ɗaukar yunit 10 sai an jera kamar 16. Don haka idan ka ɗaga kai ka ga faifai shida a saman ƙofar shiga, fitilu da kwamfutar wurin karɓar baƙi kawai suke riƙewa. Otal ɗin da ya zuba kuɗi da gaske za ka ga rufinsa ko rumfar ajiye motoci a shimfiɗe da faifai, akwai kuma ɗaki na musamman na batura. Idan ka tambaya za su nuna maka da alfahari.

Janareta kuwa kusan kowa yana da shi, kuma samunsa ba ya nufin ƙarya suke. Tambayar ita ce sa'a nawa yake aiki. Litar dizal ɗaya tana ba da wajen yunit 3 na wuta, tana kuma sakin kusan kilo 2.7 na hayaƙin kabon. Wancan yunit 160 ɗin, idan janareta ne ya samar da shi, ya haura lita 50 a dare guda. Kunnenka zai ba ka amsa a daren farko. Akwai kuma dalilin da ya sa masu otal da yawa suka koma sola wanda bai shafi son muhalli ba: a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, ga dizal ya yi tsada. Ni ban ga aibu a wannan ba. Ko don aljihu mutum ya rage ƙona mai, hayaƙin dai ya ragu, maƙwabta kuma sun samu barci.

Ruwan zafi: ka duba ko akwai tankin dumama ruwa da rana a kan rufi, mai jerin bututun gilashi. Yana rage cin wuta ƙwarai, domin hita na lantarki na cikin abubuwan da suka fi jan wuta a ɗaki. Sai dai ruwansa ya fi zafi da yamma, da asuba ya kan sassauta, musamman a damina. Idan kana bukatar ruwan ɗumi kafin sallar asuba, ka tambaya tun da wuri.

Batun ruwa shi ya fi taɓa ni, domin na san abin da mata da yara ke sha kafin jarka ta cika a garuruwanmu. Shawa ta yau da kullum tana zubar da lita 10 zuwa 12 a minti ɗaya. Wanka na minti goma ya ci jarka huɗu ko fiye. Akwai kan shawa mai gauraya ruwa da iska da ke sauko da shi wajen lita 6, kuma ba za ka ji ƙarfinsa ya ragu sosai ba. Masan ruwa tsohon yayi yana tura lita 9 ko fiye a kowane dannawa, sabo mai maɓalli biyu kuma lita 3 ne ko 6. Waɗannan da idonka za ka gani. Abin da ba za ka gani ba sai ka tambaya shi ne inda ruwan wanka da na wanki ke tafiya. Otal na ƙwarai yana tace shi ya shayar da bishiyoyi ko ya mayar da shi wankin masai. Yana kuma tara ruwan sama. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Abuja na samun sama da milimita 1,000 a shekara, don haka rufi mai murabba'in mita 200 yana zubar da fiye da lita 200,000. Wanda ya bar wannan ya bi kwata, sannan ya riƙa jan rijiyar burtsatse dare da rana don shayar da koriyar ciyawa a watan Fabrairu, bai kula da muhalli ba, ko me ya rubuta a allo. Haka wurin ninkaya da ba a rufewa: mai murabba'in mita 50, idan rana da iskar rani suka sha milimita 7 a yini, lita 350 ta tafi sama.

Ruwan sha kuma, wasu sun daina ba da gorar roba, sai kwalba da suke cikawa daga matatarsu. Abu ne mai kyau, kai ma ka san yadda ledar fiya wata ta toshe magudanan garuruwanmu, awaki kuma suna haɗiya su mutu. Amma kana da haƙƙin tambayar yadda ake tace ruwan da lokacin da aka sauya matata. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ka sayi wanda ke da lambar NAFDAC, lafiyarka ce gaba.

Abinci ba sai na daɗe a kai ba. Ka tambayi daga ina shinkafa da kayan miya suke. Wanda ke dafa shinkafar gida irin ta Haɗeja ko Kura, da tumatir da albasar manomanmu, da zoɓo da kunun aya maimakon lemon gwangwani, kuɗinsa na komawa hannun mutane irin iyayen ɗalibanka. Ka lura ko gas suke girki da shi ko gawayi, domin gawayin birni bishiyar ƙauye ce. Ka kuma dubi ma'aikatan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ba lallai ka tambayi mai shara nawa take ɗauka ba, amma wurin da ma'aikata suka daɗe, suna aiki da sakin fuska, yana bayyana kansa. A ganina mai tausayin bishiya da ba ya tausayin mai gadinsa bai fahimci amanar ba.

Akwai takardun shaida na duniya, kuma saninsu na da amfani. EDGE, na hukumar IFC da ke ƙarƙashin rukunin Bankin Duniya, ba a ba da shi sai gini ya nuna ragin aƙalla kashi 20 cikin 100 a wuta, da ruwa, da abin da kayan gininsa suka ci wajen sarrafawa. LEED daga Amurka yake. Green Key kuma na otal-otal ne musamman, hedikwatar masu ba da shi na Denmak. Idan otal ya ce yana da ɗaya, ana iya bincika sunansa a shafin masu bayarwa. Ka yi hattara da ɗan koren ganye da ake mannawa a shafukan kama ɗaki. Booking.com da kansa ya janye tambarinsa na Travel Sustainable a Maris 2024, bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar Holan ta ce yana iya ruɗar mutane. Amma rashin takarda ba hujja ba ce a kan ƙaramin otal, domin neman ta na da tsada, kuma akwai masu aiki mai kyau da ba su taɓa nema ba.

Wani abu da ake mantawa: tafiyarka daga Ringim ta Kano da Zariya da Kaduna zuwa Abuja ta haura kilomita 400, kuma zirga-zirgar cikin Abuja ba wasa ba ce. Otal mai sola da ke can nesa da wurin bitar, wanda sai ka ɗauki tasi kai kaɗai safe da yamma, zai iya sa ka ƙona mai fiye da abin da ya ajiye, ga kuɗin mota. Wanda za ka taka da ƙafa ko ku haɗu ku uku a mota ɗaya ya fi maka ta kowace fuska.

Game da kuɗi, ga ra'ayina. Tsadar irin waɗannan otal-otal yawanci ba daga kula da muhalli take zuwa ba, daga ƙarancin ɗakuna take, da unguwar da suke, da ado. Sola da tankin ruwa suna cin jari a farko, amma daga baya kuɗin gudanarwa raguwa yake yi. Idan ƙarin bai wuce abin da za ka iya ɗauka ba tare da ka taɓa kuɗin cefanen gida ba, kuma wurin ya ci jarrabawar gini da wuta da ruwa, ka sauka. Za ka yi barci babu rurin janareta, kuma a matsayinka na malami za ka ga abubuwan da za su yi wa makarantarku amfani, kamar tara ruwan rufi da ɗaga kwano sama da silin. Idan kuwa kati ne da furanni kawai, ka nemi otal mai tsabta kusa da wurin bitar, ka sa na'urar a 25, ka kashe ta idan za ka fita, ka ce kada a sauya maka zanen gado kullum.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka kira su kafin ka tura ko sisi. Ka tambayi sa'o'in da janareta ke aiki a rana, ko sola na ɗaukar iyakwandishan da dare ko fitilu kawai, ko tagar ɗakin na buɗuwa kuma da raga, ko akwai ruwan ɗumi da asuba. Ka tambayi ko akwai buta a banɗaki, domin wasu famfunan rage ruwa masu buɗewa da kansu suna wahalar da mai alwala, da ko akwai masallaci kusa, da ko akwai mashaya a harabar idan hakan zai dame ka. Ka nemi ɗakin da ba a hawa na ƙarshe ba kuma ba ya kallon yamma. Sannan ka tabbatar ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da kuɗin hidima da karin kumallo, su turo maka jimillar a rubuce, tunda za a iya neman rasit a wurin bitar.